Yadda ake shawo kan hawan jini mataki-mataki, bisa abin da bincike ya tabbatar

Hawan jini ciwo ne da ba ya sallama. Mutum zai shekara goma jininsa na sama, yana ci yana sha yana fita aiki, ba ciwon kai ba jiri, alhali ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na ƙoda da na ido suna lalacewa a hankali. A 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa manya kusan biliyan 1.3 ne ke ɗauke da shi. Kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, kuma kimanin mutum ɗaya ne cikin biyar ya shawo kan nasa.

Ilimin kuwa akwai shi. Tun 1948 aka fara bibiyar mutum 5,209 a garin Framingham na Amurka, kuma daga nan ne likitoci suka daina ɗaukar hauhawar jini a matsayin abin da tsufa ke zuwa da shi dole. Wani nazari na 2016 da ya haɗa gwaje-gwaje 123 ya nuna cewa sauke lambar sama (ta farko cikin lambobi biyu da awon jini ke bayarwa, kamar 140 a cikin 140 bisa 90) da maki 10 yana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 27 cikin 100, gazawar zuciya da kashi 28, mutuwa kuma da kashi 13. Saboda haka aikin duka a kan lamba yake: ka auna daidai, ka canza abu ɗaya, ka sake aunawa. Wanda ya tsallake awo ya faɗa wa canje-canje biyar lokaci guda ba zai taɓa sanin wanne ne ya yi masa amfani ba, kuma shi ne ke fara gajiya.

Mataki na farko: na'ura da madaurinta

Nemi na'ura mai aiki da batir wadda ake naɗa madaurinta a damtse, sama da gwiwar hannu. Ta wuyan hannu tana saurin yin kuskure, domin ɗan ɗaga hannu ko sauke shi yana canza lambar. Ta yatsa a bar ta gaba ɗaya. Ba kowace na'urar da ke kasuwa aka gwada ingancinta ba. Shafin STRIDE BP yana ɗauke da jerin waɗanda masana suka tantance, sai ka duba sunan samfurin kafin ka saya.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne girman madauri. Ɗauki tef ɗin awo ka zagaya damtsenka a tsakiya, wato rabin nisan da ke tsakanin ƙashin kafaɗa da gwiwar hannu. Na'urori da yawa suna zuwa da madauri na santimita 22 zuwa 32, kuma an rubuta wannan a jikinsa. Idan damtsenka ya wuce haka, sai ka nemi babba. Ƙaramin madauri yana buƙatar iska mai yawa kafin ya matse jijiya, sai na'ura ta ɗauka jinin ne ya hau. Masu bincike a jami'ar Johns Hopkins sun gwada wannan a 2023: mutanen da ke buƙatar madauri mafi girma, da aka auna su da matsakaici, lambarsu ta sama ta ƙaru da kusan maki 20. Kuskure irin wannan ya isa ya sa a rubuta wa lafiyayye magani, ko a ƙara wa mai magani wani a banza.

Mataki na biyu: awon kwana bakwai

Minti 30 kafin awo, ba sigari, ba kofi, ba motsa jiki. Ka yi fitsari tukuna, domin cikakkiyar mafitsara kan ƙara maki 10 ko fiye. Zauna a kujera mai wurin jingina baya, tafin ƙafafu biyu a ƙasa, kada ka harɗe su. Ɗora hannu a kan tebur yadda tsakiyar madaurin zai yi daidai da tsakiyar ƙirji. Madaurin ya zauna a kan fata, gefensa na ƙasa ya bar kamar faɗin yatsu biyu sama da lanƙwasar gwiwar hannu, bututun iskar yana bin cikin hannu, kuma ya matse yadda yatsu biyu za su iya shiga ƙarƙashinsa da ƙyar. Idan hannun riga matsattse ne, cire hannun daga rigar ya fi naɗe shi sama. Sai ka zauna shiru na minti biyar cur, waya a ajiye, sannan ka danna. Kada ka yi magana har ta gama.

Maganar ɗora hannu a tebur ba tsanani ba ce. Wani gwaji na 2024 ya nuna cewa ajiye hannu a cinya yana ƙara wa lambar sama kusan maki 4, barinsa yana reto a gefe kuma yana ƙara kusan 6 da rabi. Haɗa wannan da fitsarin da aka riƙe da hirar da ake yi ana awo, ka ga mai 128 ya koma mai 145.

A ranar farko ka auna hannu biyun. Wanda ya fi ba da lamba mai yawa shi ne hannun awonka daga yanzu. Idan bambancinsu ya wuce maki 15 kuma ya maimaitu, gaya wa likita.

Tsarin shi ne sau biyu a rana har kwana bakwai: da safe kafin karin kumallo da kafin shan magani, da kuma yamma. Kowane zama awo biyu, da tazarar minti ɗaya. Rubuta duka, har waɗanda ba su yi maka daɗi ba; mutane kan yi ta maimaitawa har su sami lamba mai kyau su rubuta ita kaɗai, kuma wannan yaudarar kai ce da likita ba shi da hanyar ganewa. A ƙarshen mako kana da awo 28. Jefar da huɗun ranar farko, domin ranar ce hankali bai kwanta da na'urar ba. Tara lambobin sama na 24 da suka rage ka raba da 24, ka yi haka ga na ƙasa. Misali, idan na sama sun taru 3,312, na ƙasa 2,064, matsakaicinka 138 bisa 86 ke nan.

Abin da lambar ke nufi

A asibiti, 140 bisa 90 ko sama da haka a ranaku biyu daban shi ne hawan jini a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. A gida layin yana ƙasa kaɗan, 135 bisa 85, domin mutum ya fi natsuwa a ɗakinsa. Don haka mai 138 bisa 86 ɗin nan ya tsallaka. Ko ɗaya daga cikin lambobin biyu ce ta tsallaka, ya wadatar. Ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka sun sauko da nasu layin zuwa 130 bisa 80 tun 2017, shi ya sa za ka ga bayanai na saɓa wa juna a intanet.

Awon gida yana tona abu biyu. Akwai wanda jininsa ke hawa a gaban likita kawai, a gida lafiya lau. Akwai kuma wanda a asibiti yake daidai amma a gida yana sama, kuma wannan ya fi haɗari domin kowa na ce masa ba komai. Idan na'urar tana yawan nuna alamar bugun zuciya marar tsari, a yi gwajin zuciya na lantarki, domin akwai nau'in rikicewar bugu da ke haddasa shanyewar ɓarin jiki, kuma yana da nasa maganin daban.

Lambar da za a nufa likita ne ke tsayar da ita tare da kai. Ga yawancin mutane ana fara da ƙasa da 140 bisa 90, ga mai ciwon suga ko ƙoda ko zuciya kuma ana neman lambar sama ta sauko ƙasa da 130. Gwajin SPRINT na 2015, mai mutum 9,361, ya kwatanta neman ƙasa da 120 da neman ƙasa da 140. Waɗanda aka tsananta wa sun sami raguwar manyan matsalolin zuciya da kashi 25, amma sun fi fama da suma, da faɗuwar jini, da raunin ƙoda na ɗan lokaci, kuma gwajin bai haɗa da masu ciwon suga ko waɗanda suka taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ba. Tsohon da ke jin jiri in ya miƙe bai kamata ya bi wannan lamba gaba gaɗi ba.

Kai wa likita takardar awon, ka nemi gwaje-gwajen farko: furotin a fitsari, aikin ƙoda, sinadarin fotashiyam a jini, suga, kitsen jini, da gwajin zuciya. Kai masa kuma duk abin da kake sha, har wanda ka saya da kanka. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da dikulofenak suna ɗaga jini kuma suna rage ƙarfin maganin hawan jini. Haka wasu magungunan toshewar hanci, da magungunan sitiroyid, da ƙwayoyin tazarar haihuwa masu ɗauke da isturojin.

Lokacin da ba a jira

Idan ka ga 180 bisa 120 ko sama, zauna minti biyar ka sake. In ta tsaya a nan kuma ba ka jin komai, nemi likita a ranar. In kuwa akwai ciwon ƙirji, ko numfashi na sarƙewa, ko gani ya dushe, ko baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta harɗe, to asibiti nan take, kuma a lura da ƙarfe nawa abin ya fara, domin maganin narkar da gudan jini a ƙwaƙwalwa galibi cikin awa huɗu da rabi ake ba da shi. Kada ka ninka maganinka don ka sauke jinin da sauri; faɗuwarsa farat ɗaya na iya hana ƙwaƙwalwa jini. Mace mai ciki dokarta daban: 140 bisa 90 bayan mako 20 na bukatar a duba ta a ranar saboda haɗarin jijjiga, 160 bisa 110 kuwa gaggawa ce.

Mataki na uku: gishiri, makonni huɗu na farko

Da gishiri za a fara domin sakamakonsa na fitowa cikin makonni. Ƙa'idar ita ce ƙasa da giram 5 a rana, ɗan ƙasa da cikin cokalin shayi, a haɗe da wanda ke ɓoye cikin abinci. Matsakaicin abin da babban mutum ke ci a duniya ya haura giram 10. Nazarin gwaje-gwaje ya nuna cewa rage kimanin giram 4 da rabi a rana yana sauke lambar sama da kusan maki 5 ga mai hawan jini.

Fara da karanta jikin kwali ko leda. Yawanci sodiyam suke rubutawa, sai ka ninka da 2.5 ka sami gishiri. Ledar da ta ce sodiyam miligiram 800 tana ɗauke da giram 2 na gishiri, kashi 40 na rabon yininka ke nan a zama ɗaya. Duba kuma ko lambar ta ledar duka ce ko ta rabinta. Abin da ya wuce giram 1.5 na gishiri a kowane giram 100 ana ƙirga shi mai yawan gishiri. Burodi, naman gwangwani, taliyar leda, dunƙulen ɗanɗano da miyar kwalba su ne wuraren da ya fi ɓuya.

A kicin kuma, daina zuba gishiri da hannu. Auna abin da ake sawa yanzu da cokali na kwana uku, sannan a rage kashi ɗaya cikin huɗu, bayan mako biyu a sake rage wani. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, har abincin da ya saba ci ya koma yi masa zartsi. Wanda ya yanke gishiri ƙaf a rana ɗaya, abinci ya yi masa lami, kafin mako ya ƙare ya koma gidan jiya. Tafarnuwa, albasa, lemon tsami da kayan yaji suna cike gurbin.

Akwai gishirin da aka maye wani ɓangarensa da fotashiyam. A ƙasar Sin an gwada shi a ƙauyuka 600, mutum 20,995, na kusan shekara biyar, aka buga sakamakon a 2021: shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14, mutuwa da kashi 12. Sai dai an ware masu tsananin ciwon ƙoda daga gwajin, kuma da dalili. Mai ciwon ƙoda, ko mai shan magungunan hawan jini irin su spironolakton, lisinopril ko losartan, fotashiyam na iya taruwa a jininsa har ya rikita bugun zuciya. Irin waɗannan kada su taɓa shi sai da izinin likita da gwajin jini.

Gefen gishiri akwai abin da ake ƙarawa. Gwajin DASH na 1997 ya ciyar da mutum 459 na mako takwas. Tsarin da ya yawaita ganye, kayan marmari da madara marar kitse sosai ya sauke lambar sama ta masu hawan jini da maki 11, kwatankwacin aikin ƙwayar magani ɗaya. Mafi ƙarancin abin nema shi ne giram 400 na ganye da kayan marmari a rana.

A ƙarshen mako na huɗu, maimaita awon kwana bakwai ka kwatanta.

Mataki na huɗu: motsa jiki

Ƙa'idar 2020 ta Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu. Matsakaici yana nufin kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa. Wanda ya daɗe a zaune ya fara da tafiya mai ɗan sauri ta minti 10 bayan cin abinci, ya ƙara minti biyar kowane mako har ya kai 30 a kwana biyar. Kada lambar taku 10,000 ta karya maka gwiwa. Asalinta sunan wata na'urar ƙirga taku ce da aka tallata a Jafan a shekarun 1960. Wani bincike na 2019 a kan tsofaffin mata 16,741 ya ga raguwar mutuwa tun daga taku 4,400 a rana, ribar ta ci gaba da ƙaruwa har wajen 7,500.

Wani nazari na 2023 da ya haɗa gwaje-gwaje 270 ya gano cewa atisayen riƙe tsoka a wuri ɗaya ba motsi ya fi sauran sauke jini, kusan maki 8 a sama da 4 a ƙasa. Mafi sauƙinsa shi ne zaman bango: jingina baya da bango, matsar da ƙafafu gaba, zame ƙasa har cinyoyi su fara ɗaukar nauyi, ka riƙe. Burin shi ne minti biyu sau huɗu, da hutun minti biyu a tsakani, kwana uku a mako. Mai farawa ya zame kaɗan kawai ya riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30. Kuskuren da aka fi yi shi ne riƙe numfashi, wanda ke cilla jini sama a lokacin; ka riƙa ƙirge da baki don iska ta ci gaba da fita. Wanda jininsa ke kai 180 bisa 110 yana zaune, ko mai ciwon ƙirji, ya ga likita kafin ya fara.

Rage ƙiba na sauke kusan maki ɗaya a kowane kilo. A gwajin rigakafin ciwon suga na Amurka da aka buga a 2002, mai mutum 3,234, neman rage kashi 7 na nauyi tare da tafiyar minti 150 a mako ya rage kamuwa da ciwon suga da kashi 58, maganin metformin kuma ya rage da kashi 31. Ga mai kilo 90, kashi 7 bai wuce kilo 6 da ɗan ɗoriya ba.

Sigari ba ta jiran layi a wannan jeri, duk ranar da aka bari an ci riba. Binciken likitocin Birtaniya da aka fara a 1951 ya nuna mai shan ta yana asarar kimanin shekara 10, wanda ya bari yana da shekara 40 kuma ya ceto kusan 9. Barasa ma tana ɗaga jini gwargwadon yawan da aka sha.

Barci

Jinin lafiyayye yana sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin dare, kuma manya suna bukatar awa bakwai ko fiye. Tambayi wanda kuke kwana ɗaki ɗaya: kana munshari mai ƙarfi? Numfashinka na ɗaukewa sannan ka farka da shaƙewa? Idan haka ne, ga gyangyaɗi da rana, ga ciwon kai da safe, a nemi gwajin barci, domin ɗaukewar numfashi cikin barci na daga manyan dalilan jinin da ya ƙi jin magani.

Ga mai rashin barci, tun 2016 ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta ce gyaran ɗabi'a ake fara yi kafin ƙwaya. Tsayar da lokacin tashi ɗaya, ko da daren bai yi kyau ba. Kada ka hau gado sai barci ya zo. In ka yi kamar minti 20 ido biyu, sauko ka zauna a wuri mai ƙarancin haske har ya dawo. Dalili shi ne ƙwaƙwalwa kan haɗa gado da juye-juye da tunani, kuma wannan haɗin ake son warwarewa. Kafeyin, sinadarin da ke cikin kofi, yana ɗaukar kimanin awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, saboda haka kofin la'asar yana nan tare da kai a gado.

Ciwon damuwa: abin da ke rusa sauran matakan

Duk abin da aka lissafa a sama yana bukatar mutum ya tashi ya yi, kuma ciwon damuwa wannan ƙarfin tashin yake cinyewa. Wani nazari na shekarar 2000 ya gano cewa majinyaci mai ciwon damuwa ya ninka waninsa sau uku wajen kasa bin umarnin likita. Don haka idan ka ga mai hawan jini ya watsar da magani ya daina fita, kafin a kira shi mai taurin kai a duba wannan. Ruwa ba ya tsami banza.

Akwai tambayoyi biyu da likitoci ke tacewa da su. A mako biyun da suka wuce, sau nawa ka rasa sha'awa ko jin daɗin abubuwan da ka saba yi? Sau nawa kuma ka ji ranka a ɓace, ko ka yanke ƙauna? Kowace ana ba ta maki: 0 idan babu, 1 idan 'yan kwanaki, 2 idan fiye da rabin kwanakin, 3 idan kusan kullum. Jimillar 3 ko fiye tana nufin a zauna da ma'aikacin lafiya a yi cikakken bincike. Wanda kuwa tunanin kashe kansa ke zo masa, ko jin gara ya mutu, ya gaya wa wani da ya yarda da shi kuma a nemi likita a yau, kada a bar shi shi kaɗai.

Hanyar da mutum zai iya farawa da ita ita ce dawo da ayyuka da gangan. Mai damuwa yana jiran ransa ya yi daɗi kafin ya yi abu, abin kuwa a juye yake: aikin ke zuwa farko, sauƙin rai ya biyo baya. Na kwana uku, rubuta abin da ka yi a kowane sashe na yini, ka ba yanayin ranka maki daga 0 zuwa 10. Sannan zaɓi abu uku da ka daina: ɗaya na jin daɗi, ɗaya na wajibi da ka yi ta ɗagawa, ɗaya na haɗuwa da mutane. Sa wa kowanne rana da lokaci, ka yanka shi ƙanana har ya zama da wuya ka kasa, kamar kiran aboki na minti biyar ko buɗe takardar da ka ƙi buɗewa. Yi shi ko ba ka so, ka rubuta makin bayansa. Gwajin COBRA na Birtaniya a 2016, mai mutum 440, ya nuna wannan hanya ba ta gaza doguwar jinyar tattaunawa da ƙwararru ke yi ba. A Zimbabuwe kuma, shirin Friendship Bench na Dakta Dixon Chibanda ya horar da ma'aikatan lafiya na unguwa, yawancinsu dattawan mata, su yi zama shida na warware matsala, kuma gwajinsa na 2016 ya nuna raguwar alamun damuwa sosai bayan wata shida.

Idan likita ya rubuta maganin damuwa, yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ji aikinsa, kuma ana ci gaba da shi aƙalla wata shida bayan an warware. Sanar da shi kana da hawan jini, domin wasu, kamar benlafaksin, suna ɗaga shi. Numfashi a hankali, kamar sau shida a minti na minti goma, yana kwantar da jiki, amma tasirinsa a kan lamba kaɗan ne, ba ya maye gurbin magani.

Magani, da yadda ake ɗorewa a kansa

Mutane da yawa za su bukaci ƙwaya, galibi iri biyu, komai ƙoƙarinsu. Babban kuskure shi ne dainawa da zarar lamba ta yi kyau, alhali maganin ne ya gyara ta. Amlodipin kan kumbura idon sawu. Lisinopril da danginsa kan kawo busasshen tari, wanda ke wucewa in aka canza zuwa irin su losartan. Lisinopril da losartan da danginsu, mace mai ciki ba ta shan su, kuma ana gwada ƙoda da fotashiyam mako ɗaya zuwa biyu bayan farawa. Atenolol da danginsa ba a yanke su farat ɗaya. Kowace irin illa tana da madadi, har da raunin mazakuta da maza ke jin nauyin faɗa, saboda haka a faɗa a canza. Ranar amai ko gudawa mai tsanani, tambayi likita ko za a dakatar da maganin sa fitsari da su lisinopril na ɗan lokaci don kare ƙoda.

Safe ko dare? Gwajin TIME na 2022, mai mutum 21,104, bai ga bambanci ba. Zaɓi lokacin da ba za ka manta ba, ka ɗaura shi a kan abin da kake yi kullum, misali ajiye kwalin kusa da buroshin haƙori. Wani bincike a Landan da ya bi mutum 96 ya gano cewa sabon hali kan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ya zama jiki, wasu 18 wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe komai ba. In ka manta ƙwaya har lokacin ta gaba ya kusa, bar wadda ta wuce, kada ka haɗa biyu.

Idan ka ga labarin sabon bincike

Tambayi abu huɗu: a kan mutane aka yi ko ɓeraye? An raba su ne da ƙuri'a aka gwada, ko kallonsu kawai aka yi? Su wa aka sa a ciki, suna kama da kai? Kuma raguwar daga nawa zuwa nawa ce? Kashi 25 na SPRINT, misali, sauka ce daga kimanin mutum 22 zuwa 17 cikin 1,000 a shekara. Tambaya ta biyu ta fi kowace nauyi. An daɗe ana ganin masu yawan sinadarin beta-karotin a jini ba su cika kamuwa da sankarar huhu ba, amma da aka gwada ƙwayarsa a kan maza masu shan sigari 29,133 a Finlan, sakamakon 1994 ya nuna sankarar ta ƙaru da kashi 18. Duk wani ƙarin sinadari ko haɗin ganye da ake tallatawa don hawan jini, wannan ma'aunin za a ɗora shi a kai.

Maimaita awon kwana bakwai mako huɗu bayan kowane canji, na magani ko na ɗabi'a, da kuma mako guda kafin ganin likita. In lamba ta zauna, awo ɗaya ko biyu a mako ya isa. Aunawa sau goma a rana fargaba kawai take ƙarawa. Idan kuwa ana shan magani iri uku a cikakken kima, ɗaya daga ciki mai sa fitsari, jinin bai sauka ba, a koma baya a bi da tsari: girman madauri, ko ana shan ƙwayoyin kullum da gaske, gishirin ɓoye, magungunan ciwon jiki, munshari. In duk waɗannan sun fita, likita zai gwada ƙoda da sinadarin aldosteron, wanda yawansa ke ɓoye a bayan hawan jinin mutane da dama, musamman masu ƙarancin fotashiyam. Gwajin PATHWAY-2 na 2015 ya nuna cewa a irin wannan hali spironolakton ne ya fi aiki a matsayin magani na huɗu, muddin ana bibiyar fotashiyam da ƙoda da gwajin jini.